Kaciya da Kwanon Abinci: Yadda Kiristanci Ya Fita Daga Gidan Yahudawa

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a wuraren muƙabala a ƙasar Hausa, ko a dandalin wa'azi ko a Facebook: wai Bulus ne ya ƙago Kiristanci, ya ɗauke saƙon da aka aiko wa Bani Isra'ila ya miƙa wa Turawa. A makarantun Lahadi kuma ana buɗe wa yara taswirar tafiye-tafiyensa uku, kibiya na bin kibiya a kan Bahar Rum, sai ka ce shi kaɗai ya ɗauko bishara a ka daga Urushalima ya sauke ta a Roma. Mai zargi da mai yabo sun haɗu a wuri ɗaya ba su lura ba, duk sun ɗora wa mutum guda kayan da ya fi ƙarfinsa. Bulus babba ne a wannan tarihi, wannan ba a ja. Sai dai ba shi ya kafa jama'ar Antakiya ba, ba shi ya kafa ta Roma ba, Iskandariya kuwa ba a taɓa jin ya taka ta ba, alhali waɗannan su ne manyan birane uku na daular Rumawa. Abin da ya fitar da addinin nan daga cikin Yahudanci hanya ce da Yahudawa da kansu suka share tun kafin a haifi Bulus, sai kuma doguwar rigima a kan abu biyu: kaciya, da wanda za a zauna a ci abinci da shi.

Mutanen farko duk Yahudawa ne. Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, a gidan Yahudawa aka haife shi, aka yi masa kaciya rana ta takwas, kusan dukan wa'azinsa kuma a Galili da Yahudiya ya yi shi. Linjilar Matiyu ta ruwaito shi yana cewa ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila aka aiko shi, ita ɗin ce kuma ta rufe da umarnin a almajirtar da dukan al'ummai. Daga wajen shekara ta 30 miladiyya, mabiyansa a Urushalima suna shelar cewa an gicciye shi ya tashi daga matattu. Musulmi ba su yarda da wannan ba, an sani, amma abin da su suke shela ke nan. A lokaci guda suna zuwa Haikali lokutan addu'a, suna kiyaye Asabar, ba sa kusantar naman alade. Bitrus da Yahaya da Yakubu ɗan'uwan Yesu ne manyansu. A idon gwamnan Rumawa wani rukuni ne na Yahudawa a gefen Farisiyawa da Sadukiyawa, ba wanda ya kawo wa ransa cewa sabon addini ake ginawa.

To amma Yahudawan zamanin ba a ƙasarsu kaɗai suke ba. Yawancin masana na ganin waɗanda ke waje sun fi na gida yawa. A Iskandariya, Filo Bayahude ya ce unguwanni biyu cikin biyar na birnin nasu ne. Suna Antakiya, suna Afisa, suna Koranti, suna Roma, suna Kurane a Libiya ta yau, suna kuma gabas a ƙasar Babila. Na yamma Helenanci, wato Girkanci, suke yi, da yawansu ba sa jin Ibrananci, shi ya sa tun ƙarni na uku kafin miladiyya aka fassara Attaura zuwa Helenanci a Iskandariya, sauran littattafan suka biyo baya. Duk wanda ya san yadda bafatake daga Kano kan isa Kumasi ya tambayi zango, ya sami mai masauki da masallaci da mai jin yarensa tun bai kwance kaya ba, ya gane abin da majami'a, wurin ibadar Yahudawa, take ga Bayahude matafiyi. Mai wa'azin Almasihu da ya sauka a baƙon birni ba ya neman inda zai fara. Ranar Asabar zai shiga majami'a, a karanta Attaura da Annabawa, a ba baƙo dama ya yi magana.

Kuma a cikin masu saurare akwai waɗanda ba Yahudawa ba. Helenawa ne da Rumawa da Suriyawa da addinin Yahudawa ya burge su: Allah ɗaya wanda ba a sassaƙa shi, littafi mai daɗewa, hutun rana ɗaya a mako, tarbiyyar gida. Suna zuwa majami'a, suna ba da gudummawar gini, wasu sun bar naman alade, amma ba su tuba sun zama Yahudawa ba. Ayyukan Manzanni, littafin Sabon Alkawari da ke ba da labarin mabiyan farko, na kiransu masu tsoron Allah. A 1976 masu haƙa a Afrodisiya, cikin Turkiyya ta yau, sun tono wani dutse da aka sassaƙa sunayen masu tallafa wa jama'ar Yahudawan garin. Baya ga Yahudawa, akwai sunaye sama da 50 na irin waɗannan masu tsoron Allah, tara daga ciki 'yan majalisar gari ne, cikakkun tubabbu kuwa uku kacal. Dutsen ya zo bayan Bulus da ƙarnuka, amma ya nuna girman tazarar da ke tsakanin mai sha'awa da mai shiga. Abin da ke tsayar da maza a bakin ƙofa kaciya ce. Ga Bahelene ko Barume kaciya nakasa ce da abin kunya, kuma a garin da maza ke wanka da motsa jiki tsirara a bainar jama'a ba ta ɓoyuwa, balle zafinta da haɗarinta ga magidanci. Mata ba su da wannan shinge. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, har ya ce matan Dimashƙu kusan duka sun karkata ga addinin Yahudawa.

Yusufus ɗin ya ba da wani labari da ke nuna gardamar ba ta Kiristoci kaɗai ba ce. A masarautar Adiyabin, yankin Irbil a arewacin Iraƙi na yau, sarki Izatis da mahaifiyarsa Helena sun karɓi addinin Yahudawa a farkon rabin ƙarni na ɗaya. Sarki ya so a yi masa kaciya, uwar ta ji tsoron talakawa za su tayar da ƙayar baya. Ɗan kasuwar da ya koya masa addinin, Hananiya, ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, yana iya bauta wa Allah haka nan in dai zuciyarsa ta tsaya, Allah zai yafe masa saboda lalura. Bayan wani lokaci sai ga wani malami daga Galili mai suna Ele'azara, mai tsanani a shari'a. Ya shiga gaisuwa ya tarar da sarki na karanta Attaurar Musa, ya ce masa karatu ba ya isa, sai an aikata abin da aka karanta, har yaushe za ka zauna ba kaciya? Sarki ya tashi ya shiga wani ɗaki, ya sa aka kira likita, aka yi. Malamai biyu, duka Yahudawa, fatawa biyu. Tambayar da ta kusa raba mabiyan Yesu na farko ita ce wannan.

Iyakar mai tsoron Allah kuma a rubuce take. A shingen da ya kewaye cikin Haikalin Urushalima an kafa duwatsu da gargaɗi cewa duk baƙon al'umma, wato wanda ba Bayahude ba, da ya ƙetare ya kuka da kansa a kan mutuwar da za ta biyo. An tsinci ɗaya daga cikinsu a 1871, yana gidan tarihi a Istanbul yanzu.

Tsagewar farko a cikin jama'ar Urushalima a kan rabon abinci ta faru. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi ƙorafin ana tsallake gwaurayensu mata a rabon yau da kullum. Aka zaɓi mutum bakwai su kula da abin, dukansu da sunayen Helenawa, ɗaya ma, Nikolas mutumin Antakiya, tubabbe ne. Istifanas, fitaccensu, ya yi maganar da aka ɗauka cin mutuncin Haikali ce, aka jefe shi. Mutanensa suka watse, manzannin kuwa suka ci gaba da zama a birnin. Waɗannan watsattsun ne suka fara tsallake iyaka. Filibus ya yi wa Samariyawa wa'azi, ya kuma yi wa ma'ajin sarauniya Kandake baftisma a hanyar Gaza, Kandake kuwa sarautar matan Marawi ce, a bakin Nilu arewa da Khartum a Sudan ta yau. Sannan wata aya ɗaya a sura ta 11 ta Ayyukan Manzanni ta ce waɗansu mutanen Kubrus da Kurane da suka isa Antakiya sai suka fara yi wa Helenawa ma magana. Ba a ambaci sunan ko ɗayansu ba. 'Yan gudun hijira ne, wasunsu 'yan arewacin Afirka, kuma a ganina wannan aya ta fi kowace taswirar tafiye-tafiye nauyi. A Antakiya ne aka fara kiran mabiyan da sunan Kirista, a nan kuma aka fara samun jama'a da mai kaciya da marar kaciya ke zama tare. Barnaba, wanda jama'ar Urushalima ta aiko Antakiya, shi ne ya je Tarsus ya ɗauko Bulus ya kawo shi cikin aikin da ya riga ya kankama.

Bulus Bafarisiye ne, da bakinsa ya ce ya tsananta wa mabiyan kafin abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu, wajen shekara ta 33 zuwa 36. Abin da ya kawo, wanda waɗancan marasa suna ba su bar mana a rubuce ba, shi ne hujja. Annabawa sun ce a ƙarshen zamani al'ummai za su yar da gumakansu su juyo ga Allahn Isra'ila. In kuwa Almasihu ya zo, lokacin ya yi, kuma a matsayinsu na al'ummai za su juyo, ba sai sun zama Yahudawa ba. Ibrahim ma, in ji shi, an lasafta masa adalci tun bai yi kaciya ba. Mutane kan ɗauka Bulus sauƙaƙa addini ya yi don ya tara jama'a. Rabin gaskiya ce. Ya ɗauke kaciya, amma ya ɗora abin da majami'a ba ta taɓa ɗora wa masu tsoron Allah ba. Ɗan majalisar gari yana iya zuwa majami'a ranar Asabar, washegari ya tsaya a wurin yankan da ake yi wa allahn birni, ba mai tuhumarsa, tunda shi ba Bayahude ba ne. Bulus ya ce sam, wanda ya shigo ya rabu da gumaka ke nan gaba ɗaya.

Wajen shekara ta 48 ko 49 aka kai maganar Urushalima. Muna da labarin zaman ta baki biyu, kuma ba su zo daidai ba. Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya ce ya tafi da Barnaba da wani Bahelene marar kaciya, Titus, ba a kuwa tilasta wa Titus ba. Yakubu da Bitrus da Yahaya suka ba su hannu, aka raba aiki, su ga al'ummai, waɗancan ga masu kaciya, sharaɗi ɗaya tak shi ne su riƙa tunawa da matalautan Urushalima. Ayyukan Manzanni, wanda aka rubuta shekaru da dama bayan haka, ya ce an fitar da takarda mai hani huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Mai karatu Musulmi zai ji jerin nan ba baƙo ba ne a kunnensa, zai kuma lura babu naman alade a ciki. Uku daga cikin huɗun maganar abinci ce, wannan kuwa ya nuna inda gizo ke saƙa.

Domin an warware maganar kaciya, ba a warware ta kwano ba. Ibadar mutanen nan a gidaje ake yinta, kuma cin abinci tare shi ne tsakiyarta. Idan gidan na Bahelene ne, wa ya yanka naman, daga wace kasuwa, ruwan inabin an ɗiba an zuba wa gunki ko ba a zuba ba? Bitrus ya zo Antakiya yana ci da kowa. Da wasu mutane suka iso daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, sauran Yahudawa suka bi shi, har Barnaba. Bulus ya ce ya tsaya masa ido da ido a gaban jama'a, ya kira abin munafunci. Abin lura shi ne bai ce ya yi nasara ba, kuma Bulus ba mutumin da zai ci gardama ya yi shiru ba ne. Daga nan ya rabu da Barnaba, Antakiya kuma ta daina zama cibiyarsa.

An saba zana mutanen Yakubu a matsayin masu taurin kai. Ban ga adalci a wannan ba. Su a Urushalima suke zaune, birnin da a shekara ta 40 sarki Kaligula ya so ya kafa gunkinsa a cikin Haikali, ƙasar ta kusa kamawa da wuta. Kakanninsu sun mutu a zamanin tawayen Makabiyawa, a ƙarni na biyu kafin miladiyya, a kan kaciya da naman alade ɗin nan. Duk labarin da ya iso daga Antakiya cewa mabiyan Yesu na cin abinci da marasa kaciya, su ne za su amsa tambaya a kansa a bakin Haikali. Tsoronsu shi ne in aka tafi a haka, wata rana jikokinsu za su zama baƙi a cikin jama'ar da iyayensu suka kafa. Abin da ya faru ke nan kuwa.

Yadda aikin yake a ƙasa ya fi kyau a gan shi a Koranti. Bulus ya iso wajen shekara ta 50, ya sauka wurin Akila da matarsa Biriskila, maɗinkan tanti irinsa, waɗanda sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma tare da wasu Yahudawa. Suwetoniyas, marubucin Rumawa, ya ce an yi korar ne saboda tarzomar da ake ta yi a kan wani Kirestus, sunan da masana da yawa ke ganin Almasihu ake nufi da shi. Ga alama saƙon ya riga ya kai majami'un Roma har ya haddasa faɗa, Bulus bai ko ga birnin ba tukuna. Wata goma sha takwas ya yi a Koranti, yana ɗinki yana magana da duk wanda ya zauna a rumfar. Da majami'a ta ƙi shi, sai ya koma gidan da ke jikinta, na wani mai tsoron Allah, Titiyas Yustus, shugaban majami'ar ma, Kirisbus, ya biyo shi da iyalinsa. Aka kai shi ƙara gaban gwamna Galiyo, wanda wani rubutun dutse a Delfi ya tabbatar yana kan mulki a 51 zuwa 52. Galiyo ya ce wannan gardamar kalmomi ce da sunaye da shari'arku, ku je ku ji da ita. A Filibi kuwa wata 'yar kasuwa mai sayar da tufafin shunayya, Lidiya, ita ce ta fara karɓa, aka yi mata baftisma da mutanen gidanta duka, gidan ya zama wurin taro. Haka abin ya riƙa tafiya, gida-gida, ta kan mata da bayi da abokan sana'a. A ƙarshen wasiƙarsa ga Romawa, Bulus ya gaida mutum sama da 20 da sunayensu a birnin da bai taɓa zuwa ba.

Fushin majami'u yana da dalili. Ana janye musu masu tallafa musu, sannan ana jefa su cikin haɗari. Yahudawa suna da izini tun zamanin Yuliyas Kaisar da Augustas su bi al'adun kakanninsu, ba a tilasta musu yanka wa allolin gari. Bahelenen da ya bi Bulus ya daina yankan, kuma bai zama Bayahude ba, to da wace takarda? A tunanin maƙwabtansa, allolin da aka wulaƙanta za su huce a kan gari duka, da fari ko annoba ko girgizar ƙasa, kuma idan aka bi sawu majami'a za a zarga. Bulus ya ce sau biyar Yahudawa suka yi masa bulala 39. Wannan hukuncin cikin gida ne, ɗan gida ake yi wa shi, kuma ya miƙa bayansa sau biyar maimakon ya ce ya fita.

Abin da ya tsinka igiyar a hankali siyasa ce da yaƙi. Bulus ya kai gudummawar da ya tara wa matalautan Urushalima wajen shekara ta 57, aka zarge shi da shigar da Bahelene bayan wancan shinge na Haikali, aka kama shi, ya ƙare a Roma. A 62 babban firist Hanan ya sa aka jefe Yakubu, kuma Yusufus ya ce masu tsanani a shari'a cikin mutanen birnin ne suka fi jin haushin kisan, har aka tuɓe Hanan. A 64 gobara ta ci Roma, sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci, wato a shekara 13 kacal bayan Galiyo hukuma ta iya ware su daga Yahudawa. A 66 Yahudiya ta yi tawaye, a 70 aka ƙone Haikali. Jama'ar Urushalima, wadda kowa ke ɗaga wa kai, ta rasa shugabanta da birninta cikin shekara takwas.

Sai haraji. Sarki Fasfasiyan ya mayar da kuɗin da Yahudawa ke aika wa Haikali ya zama harajin dinari biyu a shekara ga haikalin Jufita a Roma, aka kuma faɗaɗa shi kan mata da yara da bayi. An tono rasit ɗinsa a kan tsingaron tukwane a Edfu ta Masar. A zamanin sarki Domitiyan an matsa sosai. Suwetoniyas ya ce yana yaro ya ga an tuɓe wani tsoho ɗan shekara 90 a gaban kotu cike da jama'a don a duba ko yana da kaciya. Sarki Nerfa ya dakatar da wannan cin zarafi a 96. Wasu masana na ganin daga nan ne ofishin haraji ya zama mai tantance wane ne Bayahude: wanda ya biya yana da izinin ƙin yanka wa alloli, wanda bai biya ba kuma ya ƙi yankan, laifi ya hau kansa.

Wasiƙar da Filini, gwamnan Bitiniya a bakin Baƙin Teku, ya aika wa sarki Tarajan wajen 112 ta nuna inda aka kai. Bai ambaci Yahudawa ko sau ɗaya ba. Ya ce waɗanda ake kawo masa ƙara sun haɗa da yara da manya, maza da mata, kowane matsayi, abin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, har haikalai sun kusa zama kango, naman yankan gumaka ya rasa masu saye. Gwajinsa shi ne a ƙona turare a zuba ruwan inabi gaban siffar sarki a zagi Almasihu. Ya sa aka azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidima a cikin jama'ar, bai samo komai ba sai cewa suna taruwa kafin gari ya waye a wata rana, su yi wa Almasihu waƙa kamar wani allah, su yi alkawarin ba sata ba zina ba cin amana, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su farauta, kada a karɓi takardar ƙara marar sa hannu, amma wanda aka kawo ya ƙi janyewa a hukunta shi.

Tawaye na biyu, na Bar Kokba, daga 132 zuwa 135, shi ya ƙarasa. Sarki Hadiriyan ya gina birnin Rumawa a kan Urushalima ya hana Yahudawa shiga. Yusibiyas, mai tarihin ikilisiya, ya ce bishof 15 na farko a birnin duk masu kaciya ne, na gaba, Markus, daga al'ummai ya fito. Wajen 160 Yustin, Kirista haifaffen Nablus wanda ba Bayahude ba, ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude. Aka tambaye shi, Bayahuden da ya gaskata da Almasihu amma ya ci gaba da kaciya da Asabar, zai tsira? Yustin ya ce a ganinsa zai tsira, in dai bai tilasta wa wasu ba, ya ƙara da cewa akwai Kiristocin da ko magana ba sa yi da irin waɗannan, balle su ci abinci da su. Tambayar Antakiya ce ta juye a cikin shekara ɗari da 'yan kai. Da ana tambaya ko za a zauna da marar kaciya, yanzu mai kaciyar ne ake shawara a kansa. Wani mai jiragen ruwa daga Sinob, Markiyon, ya so ma a yar da littattafan Yahudawa gaba ɗaya. Ikilisiyar Roma ta kore shi a 144 ta mayar masa da kuɗin da ya ba ta. Ta riƙe littattafan, amma da karatun da Yahudawa ba su yarda da shi ba.

Duk wannan kuma a kan mutane kaɗan ake magana. Rodney Stark, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya yi lissafin cewa ƙaruwar kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma ta isa ta kai mutum 1,000 a shekara ta 40 zuwa kimanin 7,500 a 100, sama da 200,000 a 200, da wajen miliyan shida a 300. Ƙiyasi ne, amma ya nuna ba a buƙatar taron dubbai na tuba a rana ɗaya. Bayan zamanin manzanni ma ba a cika jin sunayen masu yawon bishara ba, sai dai a wayi gari a ga ikilisiya. Labari na farko mai kwanan wata daga yankin Kartaj, a Tunisiya ta yau, shari'ar mutum 12 ce daga garin Sili a ranar 17 ga Yuli, 180. Gwamna ya tambayi ɗayansu, Siferatus, me ke cikin akwatinsa, ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus, mutum adali. Wanda ya kai musu ba a san shi ba. A gabas, ambaliyar 201 ta rushe cocin Edesa, Urfa ta yau, inda Suriyanci ake ibada da shi. A Habasha, inda sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin a ƙarni na huɗu, har yau Kiristocin Otodoks suna kaciya, ba sa cin alade, suna girmama Asabar tare da Lahadi.

Kuma rabuwar da malamai suka rubuta a takarda ta daɗe ba ta sauka kan talakawa ba. A Dura, a bakin Furatu, wajen 240, gidan da aka rushe bangon ɗakinsa aka mayar coci yana layi ɗaya da majami'a. A Antakiya kanta, a 386 da 387, Yahaya Kirisostom ya yi jerin wa'azi takwas masu zafi a kan Yahudawa, waɗanda aka yi ta amfani da su daga baya wajen cutar da su. Abin da ya tunzura shi mutanen cocinsa ne: suna zuwa majami'a jin busar ƙaho ta sabuwar shekara, suna azumi tare da Yahudawa, suna neman laya da magani a wurinsu. Ya ba da labarin ya ga wani mutum mai kiran kansa Kirista yana jan wata mace Kirista zuwa majami'a don ta rantse a kan wata rigima da ke tsakaninsu. Da ya tsare shi ya tambayi dalili, mutumin ya ce mutane da yawa sun gaya masa rantsuwar da aka yi a can ta fi kama mutum.